Ranar da Ladanmu Ya Kasa Buɗe Baki

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kaoje, kuma ran nan ba muryar ƙanena ce ta tashe ni sallah ba. Shi ne ladanin masallacin unguwarmu. Wani tsoho ne ya karɓi lasifikar, yana kira yana tari, ƙanena kuwa yana zaune a zaure da rawani ɗaure a haɓa, kuncinsa na dama ya kumbura kamar ya ɓoye ƙwai a ciki.

Ku da kuke bibiyata kun san busasshen kifi nake sayarwa, ni ba likita ba ce. Amma tun bara nake kallon ciwon nan. Haƙorin turmin can na ƙarshe, wanda ke fitowa bayan mutum ya girma, shi ne ya leƙo rabi ya tsaya. Sai wurin ya kumbura, a sayo ƙwaya, a tauna kanumfari, ya sace, kowa ya ce an warke. Kwana kaɗan ya dawo. Wannan karon da zazzaɓi ya dawo, bakin kuma ya ƙi buɗuwa, ko cokalin koko sai an karkata shi. Na ce asibiti. Kawunmu, wanda shi ne ubanmu tun rasuwar Baba, ya ce tsutsa ce, kuma akwai mai fitar da ita a kasuwar bakin iyaka. Babba ya yi magana, na haɗiye tawa. Amma na yafa mayafi na ce da ni za a tafi.

Mashin biyu muka ɗauka, Kawu da mara lafiya a ɗaya, ni a ɗaya. 'Yan acaba sun kusa ninka kuɗin da na sani, wai mai ya yi tsada, alhali ga shi nan jere a kwalabe duk bakin hanya. Ruwan bana ya ci gonakin shinkafa, wani wuri sai kan kara kake gani, da maza tsamo-tsamo cikin laka suna ceton abin da ya rage. Hanyar kuwa, Allah ya kyauta. Duk ramin da mashin ɗin gaba ya faɗa, sai in ga ƙanena ya dafe haɓa ya runtse ido. Wallahi ni ma a nawa bakin nake jin zafin.

Kasuwar bakin iyaka ta cika maƙil kafin hantsi. Nan ka ji Hausa, can Dandanci, gefe Fulatanci, wata mai abarba kuma tana kwarara Faransanci kamar a bakinta aka ƙirƙiro shi. Ga dogon burodin Benin a kwando, ga garin rogo, ga manja a jarka. A faɗa maka kuɗi da sefa, a sake faɗa da naira, duk wanda ka zaɓa kai ne a ƙasa. Na leƙa kifinsu, halin sana'a, na ga namu ya fi shan hayaƙi. Na sayi doya da yaji na ci a tsaye, na juya baya don kada mai ciwo ya gani.

Mai maganin yana ƙarƙashin wata rumfa, dattijo ne mai fara'a, daga tsallaken iyaka yake zuwa duk ranar kasuwa. Ya ɗora tsingaro a garwashi har ya yi ja, ya zuba 'ya'yan gautan kura da ɗan mai, ya kifa mazurari, ya sa bakin mazurarin a gefen leɓen ƙanena. Ƙarƙashi kuma ga kwanon ruwa. Hayaƙi ya turnuƙe, ƙanena yana hawaye. Da aka ɗaga, sai ga wasu farare sirara kamar tsutsotsi suna yawo a kan ruwan.

"Alhamdu lillahi! Kin gani da idonki ko?" in ji Kawu. "Mu koma gida."

Na tsamo ɗaya na murje a yatsa. Ba jini, ba motsi, kuma ƙamshin ƙonannen iri take yi. Ban zo faɗa da kowa ba. Ƙanena na juya na duba. Kumburin ya gangaro ƙarƙashin muƙamuƙi ya yi tauri, jikinsa zafi rau, yawu ma a ƙyalle yake tofarwa don haɗiya ta gagara. Nan tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Na daina tunanin kiran sallah, numfashinsa nake tunani.

Na durƙusa a gaban Kawu, cikin mutane, na ce, "Kawu, ka yafe mini. Ban taɓa musa maka ba. Amma yau ba zan koma gida da yaron nan ba, asibitin Bagudo za mu."

"Ke ɗiyar nan, mi kika sani? Su can yanka suke yi. Kuma duk wanda aka cire wa turmi da ƙarfe, idonsa mutuwa yake."

"In idon ya mutu, ni zan riƙa jansa zuwa masallaci. Mu dai ya rayu."

Ran Kawu ya ɓaci. Ƙanena bai iya magana ba. Hannu kawai ya miƙo ya kama gefen mayafina, yadda yake yi yana ƙarami in an aike mu da duhu. Kawu ya ga hannun. Ya gyara hula, ya ce da ɗan acaba, "To, mi kake jira?"

Muka juyo, muka wuce garinmu ba mu tsaya ba. A gadar Tuga na ga kogin Kwara ya cika ya batse, masunta suna jan koma, abin da kullum ke faranta mini rai, amma ran nan ko farashin kifi ban tambaya ba. A Bagudo ma'aikacin lafiya ya haska fitila a ɗan abin da ya buɗu na bakin, ya taɓa wuyan, fara'arsa ta ragu. Ya yi masa allura, ya ce kada mu kwana, mu wuce Birnin Kebbi inda ake ɗaukar hoton haƙori. Muka shiga mota, mu huɗu a kujerar mutum uku, da buhun albasa a kan ƙafata. Wani fasinja ya fara ba mu labarin wani mai magani a garinsu. Kallo ɗaya na yi masa ya koma kallon taga.

A babban asibiti aka kwantar da shi, aka sa masa ruwa da magani a jijiya, aka zuƙe mugunyar da ta taru. Washegari likitar haƙori, wata mace mai sanyin murya, ta ɗaga hoton ta nuna mana. Jama'a, haƙorin nan a kwance yake! Ya kishingiɗa cikin ƙashi, ya tokare na kusa da shi da kai, dasashi ya rufe rabinsa, duk abin da aka ci sai ya maƙale a ƙarƙashi ya ruɓe. Ta ce su suna kiransa haƙorin hankali, kuma ba kowanne ake cirewa ba. In ya fito a miƙe, asuwaki yana kai masa, ba ya ciwo, a bar shi ya yi aikinsa. Amma in yana kumbura yana dawowa, ko ya ruɓe, ko yana cin maƙwabcinsa, ko ya kai ga hana buɗe baki, to zamansa ya ƙare. Ta ce irin wannan kumburi in ya ci gaba da gangarowa wuya, hanyar numfashi yake toshewa. Na nemi kujera na zauna.

Kawu ya yi gyaran murya ya tambayi maganar ido. Ba ta yi masa dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, cire haƙorin nan ba ya kashe ido. Ni kuma don ƙarfin hali na wangale nawa bakin na ce ta duba. Ta ce nawa duk a miƙe suke, ba ruwanta da su, goro dai zan rage. Kawu ya ce da za a rage mini surutu ma da an taimaki gari.

Sai da kumburi ya sauka, bakin ya fara buɗuwa, sannan aka yi aikin. An kashe wurin da allura, an fitar da haƙorin gutsure biyu, an ɗinke. Kawu ya karɓa a auduga, ya juya shi, ya sake juyawa, yana neman ramin tsutsa. Bai samu ba. Shi ya fita da kansa ya sayo wa mara lafiya nono mai sanyi.

Da muka kamo hanyar gida, a kan gadar Tuga har na tsaya na yi cinikin kifi. Abin da na ɗauko a tafiyar nan shi ne, ciwon da ke tafiya yana dawowa bai warke ba, hutawa yake yi. Kuma ana iya durƙusa wa babba har ƙasa a ce masa a'a.

An hana ƙanena ɗaga murya har wurin ya haɗe, tsohon nan ya ci gaba da yi mana kira da tari. Sai wata asuba ina kwance na ji an buɗe lasifika, an hura ta sau ɗaya yadda shi kaɗai yake yi. Muryar ta fito a buɗe, ta ratsa unguwa har bakin fadama. Ni da kullum kabbarar farko ke tashe ni neman buta, ran nan ban motsa ba. Ina kwance hawaye na zubo mini cikin kunne, sai da ya kai ƙarshe.