Jif ɗin da na kai wa Inna

Jiya na karɓi makullin wata tsohuwar jif a Bukan Sidi. Makanike ya ce ta sha tafiya har ta gaji, na ce na ji na gani.

Ban tsaya ko'ina ba sai Assakio, don a gidanmu ko keke ka saya, Inna ce ke fara ɗora masa hannu. Sai da na kashe mota a ƙofar gida sannan na tuna. Inna fa ta rasu tun bara.

Maƙwabciyarmu, Iya Talatu, ta leƙo. "Ka kawo mata ta gani ne?"

"Eh, Iya."

Ta dafa motar. "To bari in ara maka hannuna. Allah ya tsare."

Ku da kuka rasa uwa, wa kuke kai wa sabon abu?