Inna Kar-a-yar da Teburin Ƙarƙashin Bene

A kicin ɗin wata makarantar kwana ta 'yan mata aka raɗa mata sunan da ya bi ta har tsufa. Ran da ta fara aiki a can, tana yankan albasa, sai ta hango shugabar masu girki ta ɗaga wata ƙatuwar tukunya za ta juye ƙanzon shinkafa a bola. Ba ta san sanda ta saki wuƙa ta ruga ta cafke kunnen tukunyar ba.

"Kar a yar! Don Allah kar a yar!"

Kicin ya ɗauki dariya. Shugabar ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "To, Kar-a-yar, ga shi nan, ki yi yadda za ki yi da shi." Ta jiƙa ƙanzon ta kai wa kajin mai gadi. Bayan kwana uku mai gadi ya aiko da ƙwai shida a cikin hularsa, masu dariyar ran nan suka soya suka cinye, babu wadda ta sake cewa uffan.

Halin gado ne. Mahaifinta mai gyaran takalma ne, kuma tun tana ƙarama take jin yana cewa abu ba ya mutuwa sai mai shi ya gaji da shi. Shekara talatin da biyar ta yi a kicin ɗin nan tana tabbatar da maganarsa. Ɓawon dankali da na albasa ta haƙa musu rami a bayan kicin, suka ruɓe suka zama taki, takin ya fitar da tumatir da alayyafo. Buhunan shinkafa suka koma shimfiɗar shanya. Gutsattsarin sabulun da 'yan mata ke bari a banɗaki ta tara su a tsohuwar safa, aka riƙa wanke tukwane da su. A tsakanin haka ta yi aure, ta haifi uku, ta aurar da su duka, mijinta ya rasu, gashinta ya yi fari, ita dai tana nan da cokalinta.

Da ta yi ritaya, autanta, wanda direban bas ne, ya ce ba zai bar ta ita kaɗai ba. Ya ɗauko ta zuwa gidan da yake haya a hawa na uku na wani dogon bene, inda yake zaune da matarsa, ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Nas, da yaransu biyu. Inna ta iso da akwatin tufafi guda ɗaya da buhu tara na kwalabe da robobi.

"Inna, waɗannan fa?" in ji Auta, yana haki a kan matakala.

"Za su yi rana," ta ce.

Gaskiya a faɗe ta, watannin farko Nas har addu'a take yi wa ranar da surukarta ta zo. Inna ta yanke ƙafafun tsohon wandon Auta ta ɗinka jakunkunan cefane guda biyu, leda ta daina shigowa gidan. Ta ware layin gaba na firij ta ce nan ne wurin "ci ni tukuna", duk abin da ya rage jiya nan zai zauna, kuma ba a ɗora sabuwar tukunya sai an ga bayansa. Tumatir in ya fara laushi ta markaɗa ta dafa ta ƙulle a kwalba. Burodin da ya bushe ta tsoma a ƙwai ta soya, yara suka riƙa roƙon a bar burodi ya bushe. Ruwan da aka wanke shinkafa ba ya bin rariya, sai gwangwanayen da ta shuka na'ana'a da attarugu a baranda. Kwandon sharar da da yake cika kullum ya koma sai ya yi kwana huɗu yana hamma.

Sai dai inda gizo ke saƙar, Inna ba ta iya ganin abu ta wuce ba. Murfin kwalba, maɓalli, igiyar kwali, laima mai karyayyen ƙashi har guda uku, robar man shafawa, gwangwanin madara, duk ta wanke ta goge ta adana. Ƙarƙashin gadonta ya cika, saman kabad ya cika, daga nan ta cinye ɗan ƙaramin sito da ke lungu kusa da banɗaki. Sai ta sa kafaɗa take iya rufe ƙofarsa. Nas tana gani, tana haɗiye magana, don ba ta so a ce daga zuwan tsohuwa ta fara sa mata ido.

Wata Asabar da rana shugabar Nas ta wurin aiki ta kawo musu ziyara. Mace ce mai kamun kai, ko dariya sai ta auna take yi. An sha shayi, an taɓa hira, sai ta tambayi banɗaki.

"Ƙofa ta biyu a lungu, ranki ya daɗe," in ji Nas.

Baiwar Allah ta buɗe ta farko.

Daga falo suka ji kamar an kifar da motar kwanuka. Robobi suka zubo, gwangwanaye suka biyo baya, murafai suka gangaro har gaban kujerar Inna suna juyi. Da suka ruga, suka tarar da baƙuwa tsaye cikin kaya har gwiwa, laima ɗaya ta buɗe da kanta a kafaɗarta. Nas ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Baƙuwar ta dubi laimar, ta dubi Inna, sai ta fashe da dariya har tana dafa bango.

"Mama," ta ce tana share hawaye, "shago za ki buɗe ba ki gayyace mu ba?"

Bayan an raka baƙuwa, Nas ta zo ta durƙusa tana taya Inna kwashe kayan. Ta ɗauki wata kwalba ta juya ta.

"Inna, in yi tambaya? Wallahi ba raini ba ne."

"Yi mana, 'yar nan."

"Wannan kwalbar yaushe kika ajiye ta?"

"Tun bara."

"Daga bara zuwa yau, wa ta yi wa aiki?"

Inna ta kau da kai ta ci gaba da kwashe robobi.

"Ni dai a nawa ganin," Nas ta ce a hankali, "abin da aka ajiye ba ya yi wa kowa aiki, shi ma shara ne. Bambancinsu kawai, shi an kama masa ɗaki."

Maganar ta soki Inna. Ita da aka sani da ceton kaya, yau ita ake cewa tana tara shara? Kwana biyu daga gaisuwa ba ta ƙara komai, ko shayin da Nas ta kawo mata sai ta bar shi ya huce. Amma tana zaune a baranda tana ban ruwa, zuciyarta ta ƙi barin zancen. Ta tuna a makaranta babu abin da ke kwana bakwai a hannunta, domin 'yan mata ɗari huɗu ne, ko igiya ka ajiye sai wata ta zo nema. Ta tuna mahaifinta ma, guntuwar fatar da ya tsinta da safe, kafin la'asar ta zama dunduniyar takalmin wani. Ashe ba ajiya ce sana'arsu ba, nema wa abu mai shi ne. A nan kuwa mutum biyar ne kacal a gida, kwalba nawa za su buƙata?

A rana ta uku ta ɗaura ɗankwali ta sauka ƙasa. A gindin benen, kusa da matakala, akwai shagon wani mai aski, dattijo mai surutu wanda ya san labarin kowane ɗaki. A bayan matakalar kuma akwai wani tsohon tebur mai ƙafa uku da aka jingine tun ba a san ranar ba.

"Mai aski, teburin nan na wa ne?"

"Na ƙura da gizo-gizo ne, Inna. Me za ki yi da gurgu?"

"Ƙafa za mu sa masa."

Sandar tsintsiyar da ta karye ta ba shi, ya yanke ya buga. Da yamma ta sa Auta ya rubuta mata a jikin kwali da manyan baƙaƙe: IN KANA SO, ƊAUKA. IN BA KA SO, AJIYE. Ta jera kwalabe ashirin masu sheƙi, da robobi, da gwangwanin maɓallai. Ta koma sama ta ce wa Nas, ba tare da ta dube ta ba, "Na sallami 'yan hayar." Nas ta rufe baki tana dariya, ta je ta haɗo sabon shayi, wannan karon Inna ta shanye da zafinsa.

Kwana huɗu babu wanda ya taɓa komai. Mutane su zo, su karanta kwali, su waiga hagu da dama, su wuce. Kowa yana tsoron a ce an ga wane yana tsintar kaya. Inna ta fara karaya, ta ce ko dai ta kwashe abinta.

"Bar ni da su," in ji mai aski. "Kunya ce, kuma na san maganinta."

Ya jira sai da yamma, lokacin da ake dawowa daga aiki matakala ta cika, sannan ya fito da tawul a kafaɗa ya tsaya gaban tebur yana ɗaga murya kamar mai talla.

"Kai, jama'a! Irin wannan kwalba a kyauta? Wannan ta auduga, wannan ta reza, wannan ta mataji. Wanda ya yi nawa ya sha haushi!"

Ya rungumi uku ya shige shago. Wata mata da ke hawa na biyu, mai haɗa sabulun ruwa, ta ce tunda haka ne bari ta ɗan duba, ta tafi da robobi goma. Malamar firamare da ke hawa na ɗaya ta kwashe murafai da maɓallai ta ce da su za ta koya wa 'yan aji ɗaya ƙirga. Kafin magariba tebur ya koma fayau.

Daga nan kuma kaya suka fara zuwa da kansu. Rigunan jarirai da aka girme su, littattafan ajin da aka wuce, keken koyon tafiya, labulen da ya yi wa sabuwar taga kaɗan. Wata rana aka ajiye tukunya babu murfi, washegari wani daga hawa na huɗu ya ajiye murfi babu tukunya, aka gwada suka zauna daram, mai aski ya ce shi ne waliyyin ango. Inna ta kafa doka biyu kawai. Ba a kawo abu mai datti ko mai wari, kuma duk abin da ya yi mako biyu bai samu mai so ba, a miƙa wa mai sayen tsofaffin ƙarafa da robobi in ya zo wucewa da kurarsa. Dokar ta biyun don kanta ta kafa ta, ta san halinta.

Auta ma bai tsira ba. Yana da wata fanka da ta daina juyawa, ya san in Inna ta gani za ta ce a gyara, shi kuwa sabuwa yake so. Sai ya faki idonta da sassafe ya ɗora a tebur ya wuce aiki. Bayan mako guda ya shiga aski, iska mai daɗi tana kaɗa shi.

"Mai aski, ina ka samo fankar nan? Irin tawa ce sak, wadda ta mutu."

"Ita ce," in ji mai aski yana ci gaba da aikinsa. "Ba mutuwa ta yi ba, suma ta yi. Ƙura na share mata, na ɗiga mata mai."

Labarin ya riga Auta hawa sama. Ya tarar da Inna da Nas suna jiransa a falo, kowacce ta ƙunshe dariya, ya ɗaga hannu biyu ya ce ya tuba.

Yanzu gwiwoyin Inna ba sa shiri da matakala, sau ɗaya take sauka a yini, bayan la'asar. Takan zauna a kujerar roba kusa da tebur ta ga abin da ya shigo da abin da ya fita, ta yi wa masu wucewa tsiya, su rama. Mata biyu daga benen da ke tsallaken titi sun zo tambayar yadda ake yi, ta ce musu babu wani sirri, su nemi tebur, sannan su nemi mutum ɗaya marar kunya da zai fara ɗauka.

A makon jiya ta sauko ta tarar da wani kwalin takalmi a rufe, an huda masa ƙofofi a sama. Ta ɗaga murfin, sai ga 'yar kyanwa baƙa, ba ta fi tafin hannu ba, ta buɗe baki tana kuka ba murya. Mai aski ya rantse bai ga wanda ya ajiye ba. Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta naɗe ta a gefen mayafi ta kama ƙarfen matakala.

Nas ce ta buɗe mata ƙofa, ta ga kunnuwa biyu sun leƙo daga mayafi.

"Inna, me nake gani haka?"

"A tebur na samu. Kwalin ya ce in kana so, ɗauka."

"To wa zai ciyar da ita?"

"Kan kifin nan da na rasa yadda zan yi da shi fa?"

Nas ta girgiza kai, ta matsa ta ba su hanya. Kafin Inna ta zauna, har ta shiga kicin tana neman ɗan faranti marar zurfi da za a zuba wa baƙuwar madara.