Ɗakin da Na Share wa Inna

Da damina Inna ta faɗi a bakin tafkin Kalmalo. Santsi ya kwashe ta da tulu a ka, ƙugunta ya karye. Maɗori ya yi iya yinsa abin bai kama ba, sai yayana ya kai ta Sakkwato, asibitin da Nasara suka buɗe. A lokacin mutane cewa suke wanda ya shiga can ba ya fitowa. Ita dai ta fito, amma da rarrafe.

Ni ina aure a Illela. Da na ji za a sallame ta, na share ɗakin da ke kusa da makewayi, na yi masa sabon daɓe. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi da kansa ya sayo tabarma, ya ce in don shi ne zai koma kwana a zaure.

Da suka iso ƙofarmu, Inna ta ƙi a sauke ta daga kan jaki. Wai gidan suruki ne. Matar da tun aurena ba ta taɓa ko shan ruwa a gabansa ba, yau kuma ya gan ta tana jan gindi zuwa bayan gida? Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce mata kunyar banza ce. Wallahi raina ya ɓaci.

Ta ce, "Mi kike so, ɗiyata? In mutu tun ina numfashi?"

Haka aka wuce da ita Kalmalo, gidan yayana. Shi kullum yana wajen kamun kifi, matarsa tana gona da goyo, gidan ba kowa sai kaji. Nakan taka in je. In tarar da furar safe ta yi tsami can nesa da hannunta, gwiwoyinta duk sun saɓule. Ni kuwa ga ɗaki a gidana, a share, ko akuya ban bari ta shiga ba. Abin nan yana cina har yau.

Zuwana na ƙarshe, ina wanke mata gwiwa da ruwan ɗumi, ta riƙe hannuna ta tambaye ni ko maigidana ya san rarrafe take yi.

Ya sani tun ranar farko. Na ce mata bai sani ba.

Ta saki hannuna, ta ce, "Alhamdu lillahi."