Birkin da Baba Kiyari Ya Mayar

Ranar Asabar da hantsi ina kan fakon da ke arewa da Belbeji ina koyon tashi da babur, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Sanda tela ne, maƙwabcin garejin Baba Kiyari. Bai ja gaisuwa ba. Ya ce in kashe inji in saurara, sannan ya ce Baba ya faɗi a zaure yana shirin fitowa aiki, kafin a kai shi likita rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban sake hawa babur ɗin nan ba. Turo shi na yi da hannu har cikin gari, kuma wallahi ban san lokacin da na iso ba.

Yau kwana goma sha biyar ke nan. An yabe shi a wurin zaman makoki, kuma duk abin da aka faɗa gaskiya ne. Ni kuwa akwai abin da na sani na yi shiru da shi, shi ya sa na ɗauki biro.

Malam Kiyari makanike aminin mahaifina ne. Tun da mahaifina ya rasu na kama kabu-kabu, a hannunsa babur ɗina yake, ni ma haka. Bai yi boko ba, ba ya rubuta komai. Abin awonsa zaren ɗinkin buhu ne da ba ya rabo da aljihunsa. Makiyayi zai turo babur tun daga Tenhya wani ƙarfe ya karye, Baba ya zagaya zare a jikin tsohon, ya ƙulla, ya ba direba ya sayo a Damagaram, ya zo ya zauna daram. Kuma ko faci ka kawo masa sai ya matsa birkinka ya ji. In bai gamsu ba, to, ka nemi wurin zama, don babur ɗin ba zai fita ba ko za ka yi ta kumfar baki har la'asar. Yakan ce, "Tashi kowa ya iya, tsayawa ake koya."

A bazarar nan samarin Tanut suka aiko mana da gayyar tsere. Ba mai nisa ba ne, ba kwana, ba zagaye. Babur biyu su tsaya kafaɗa da kafaɗa, a saki tuta, wanda ya riga taka layi shi ya ci. Ni aka zaɓa in hau wa Belbeji, kuma ban taɓa yi ba. Na je wa Baba da maganar ina rarraba ido, na ɗauka zai kore ni. Sai ya ce in ya ƙi zan tafi wurin wanda ba zai ƙi ba, saboda haka in kawo.

Mako uku ya yi a kanmu, ni da babur. Ya wanke kafireta, ya sa sabon buji, wato fulogi, ya canza faifan kuloci, ya auna sakin sarƙa da zarensa, ya rage iskar tayar baya don ta kama ƙasa. Ya hana ni hawa da silifa, ya hana ni babbar riga da rawani, wai sarƙa ba ta san ado ba. Ya koya mini in matso gaba in kwantar da ƙirji don kada tayar gaba ta ɗaga, in saki kuloci a hankali ba kamar wanda ya taɓa wuta ba. Filin ma da ƙafa ya taka shi, yana tumɓuke tsofaffin turaku, ya je ya sami Buzayen da ke ratsawa zuwa rijiya ya gaya musu ranar. Abin da ya fi ba ni haushi, kowace yamma sau biyu zai sa ni tashi, sau goma ya sa ni tsayawa. Wata rana kuma ya ce in cire hula, ya zagaya zare a kaina ya ƙulla. Na yi dariya na ce ko Sanda zai ba ya ɗinka mini dara. Ya naɗe zaren ya sa a aljihu.

Duk wannan yana yi ba shi da lafiya, kuma na sani. Ƙafafunsa sun kumbura, in ya sunkuya ya ɗago sai ya dafa bango ya nemi numfashi. An ba shi takarda ya je Damagaram ya ga likitan zuciya ranar Alhamis, don haka zai bi motar Laraba da safe. Talata da azahar ya gama aikin babur, ya miƙa mini makullin gareji, ya ce kada in taɓa ko noti guda sai ya dawo.

Da la'asar muna shan shayi a fada, majalisarmu ta samari, wani ya nuna mana hotunan baburan Tanut a waya. An tuɓe su tsirara, ba fitila, ba marfin taya, ba birkin gaba, wai duk nauyi ne. Abokai suka sa ni gaba da tsiya, wai da babur ɗin zuwa ɗaurin aure zan fita tsere. Na ji kunya, kunyar banza. Kafin magariba na buɗe gareji na kwance birkin gaba kakaf, na zuba a kwali, har wani ɗan sifirin ya fice ya ɓace a cikin rairayi. Lissafina shi ne Baba daga gida tasha zai wuce.

Bai wuce ba. Da sassafe sai ga shi da farar riga da jaka a hannu, ya biyo ya yi wa babur kallon ƙarshe. Ya tsaya a kan tayar gaba. Da ya zage ni da na ji sanyi, amma bai yi ba. Ya tambayi inda sifirin yake, muka tona rairayi ba mu gani ba. Sai ya ajiye jaka, ya tuɓe riga ya rataye a ƙusa, ya jawo benci. Na ce, Baba, mota fa. Direba ma ya aiko har sau biyu.

Ya ce, "Na san ka, Mutari. Ina juya baya za ka hau ka gwada. Bari, wata Alhamis na nan tafe."

Ga abin da ya fi ci mini rai. Da na rantse masa ba zan hau ba, da na miƙa wa Sanda makullin a gabansa, da na ari babur na kai shi tasha, da ya tafi. Ban yi ko ɗaya ba. Na yi ta cewa "mota fa" da baki, amma can cikin zuciyata daɗi na ji, don zai zauna ya ga sauran gwajina. Ya ciro sifirin daga wani mataccen babur, ya goge, ya daidaita, bai gama ba sai azahar. Ya matsa birkin sau uku yana haki, ya ce yanzu ya yi. Kwana uku bayan nan Sanda ya kira ni.

Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, na yi imani da haka. Amma hannun da ya riƙe sifana ranar Talata nawa ne.

A gida, abin da ya gaya wa matarsa Inna Falmata kawai shi ne wani aiki ya taso. A zaman makoki na ji an ce tana tambaya ko wane aiki ne ya hana shi tafiya. Na sunkuyar da kai ina karɓar gaisuwa kamar ɗan kirki har aka yi sadakar bakwai. Washegari na kasa jurewa, na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta na faɗa mata komai, har da daɗin da na ji. Ba ta ce ba laifina ba ne, kuma na gode mata da ba ta ce ba. Sai ta jawo jakar nan, tana nan yadda ya ɗaure ta, ta ciro takardar asibiti. A cikinta an naɗe zare mai ƙulli guda.

Ta ce, "Cewa ya yi in ya fito daga wurin likita zai shiga kasuwa ya sayo maka kask, hular kwano mai ƙwari, na nan ba su kwanta masa ba. Ungo, awon kanka ne."

An ɗage tseren, samarin Tanut ma sun zo ta'aziyya. Ko zan hau ko ba zan hau ba, har yanzu ban sani ba. Zaren dai na ba direban da ya jira Baba ranar nan, na ce ya yi yadda ya saba yi masa. Shekaranjiya ya kawo hular. Na sa ta a cikin gareji ni kaɗai, ta zauna daram, ba matsi ba rawa, kuma a cikinta na yi kukan da na kasa yi a maƙabarta.

Allah Ya jiƙan Malam Kiyari, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata kabarinsa Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Duk rayukan da birkinsa ya tsare a hanyoyin yankinmu na Damargu, Allah Ya sa a mizaninsa. Allah Ya ba Inna Falmata da ƴaƴansa da jikokinsa haƙuri, Ya zama gatansu, kada Ya bar su su tagayyara. Ni kuma, wanda ya karanta wannan, in ya gama yi wa Baba addu'a, don Allah ya roƙa mini gafara. Amin.