Motocin Karan da Yaya Arzika Bai Ƙera Ba

Wata Asabar bayan an gama yankan dawa, shekarar da na cika tara, Kawu Modi ya sauko daga motar albasa a ƙofar gidanmu na Fagada da wani kwali a hammata. Kawu ƙanin Inna ne, yana sayen albasa a Aliero ya kai Kudu, kuma duk dawowarsa sai an shimfiɗa tabarma a zaure. A jikin kwalin akwai hoton wata jar mota, ba ƙofa ba rufi, tayoyinta ƙatta, tana tsalle a kan tudun yashi. Ya ce tsarabar yayana Arzika ce, tunda labari ya kai masa cewa duk unguwar babu wanda ya kai shi iya ƙera mota. Ina tsaye a bakin zaure da ƙwaryar ruwan da aka aiko ni da ita, sai na sunkuyar da kai.

Gaskiyar magana, Yaya Arzika ko kara bai iya ferewa ba tare da ya yanke yatsa ba. Duk motocin da yake taƙama da su ni nake yin su, a bayan rumbu, in na gama shara da ɗiban ruwa. Da guntun reza nake ɓare ɓawon kara siri-siri, in yayyanka totuwar in yi gangar jiki, in soke da ƙayar aduwa a madadin ƙusa. Taya kuwa sakaina ce, in yi ta gurza ta a kan dutse har ta kewaye, in huda tsakiyarta da ƙusa mai zafi. Sirrin duka yana cikin wannan huda: dole ta ɗan fi tsinken da za a zura faɗi, don taya ta samu sakewa. Manyan motocin lodi nake yi, irin waɗanda ke wucewa Jega, har da ƙananan albasar da aka yar nake ɗora musu. Amma ɗiya mace ba ta tura mota a kan hanya, sai a ce ta lalace. Don haka shi ke ɗauka, ya fita yana vuu da baki, ya kai yashin gulbi ya sha yabo, ya dawo da karyayyen tsinke ya jefo mini ya ce in gyara.

To, aka buɗe kwali gaban Baba da maƙwabta. Abin da ke ciki 'yan guntayen roba ne manne da juna, da gam a ɗan bututu, da takarda mai zane-zane. Yaya ya haɗe gira wai shi bakanike, ya riƙe takardar ƙasanta a sama, babu wanda ya lura, don babu mai iya karantawa a cikinsu. Ya dinga gatsa robar da haƙori yana ɓallewa, abin da ya shiga ya bari, wanda ya ƙi shiga ya tura ƙarƙashin tabarma. Da ya zo kan tayoyi sai na ga ya matsa gam cikin hudar kanta. In na yi magana, Baba zai gane wadda ke zare masa karan danga. In na yi shiru, mota ta mutu tun ba ta tashi ba. A hankali na ce, "Yaya, ban da cikin tayar."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ke mi kika sani? Tai ki kai ma Inna ƙwaryarta." Mazan suka yi dariya, har da Baba.

Zuwa la'asar mota ta tsaya, a karkace, gam na dalala a gefenta. Yaya ya tura, ta ja ciki kamar an tura takalmi. Sai Kawu ya yi gyaran murya ya ce ai irin wannan dama ba ta turawa ba ce, a kan kantar ɗaki ake ajiye ta a riƙa kallo. Nan take dattawa biyar suka yarda, suka shiga shi wa yaro albarka, wani har yana cewa wannan hannu sai gareji. Tun ranar na san a zaure ba sai mota ta yi tafiya ba kafin a yabi mai ita.

Na koma ciki. Inna tana gyaran wuta, ta zare kara uku miƙaƙƙu daga wanda za ta hura, ta ajiye mini a gefe. Ta ce, "Kulu, ni na san hannun da ka fere mini kara." Na ci gaba da ƙera motoci ina ɓoyewa a ɗakinta, ban sake ba Yaya ko ɗaya ba. Shi kuwa ya shaida wa abokansa wai ya girmi motar kara.

Yanzu ɗan Yaya ya sayo mota ta gaske, sak ta jikin kwalin. In ruwa ya janye sai ya shiga yashin gulbi da ita ya yi ta kewaye wuri ɗaya, yana firgita shanun mutane, ba ta kai kowa kasuwa, ko buhun albasa guda ba ta ɗauka. A wurin wani suna na ji Yaya yana cewa yaron gado ya yi. Na ce Allah ya tsare hanya.

Sai bayan haihuwata ta huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Bana da aka yanke dawa na zauna na ƙera wa jikata Nana babbar motar lodi, ko da yake yatsun sun yi nauyi, Inna mai zaɓo mini kara kuma ta daɗe da rasuwa. Da na gama na ɗauki biro na rubuta a goshinta, inda direbobi ke rubuta nasu: Kulu ta ƙera. Nana ta tura ta da kanta, ta bi ta zaure ta fita hanya. Na leƙa ta danga, tayoyin huɗu duk suna juyawa.