Rabin Sunan Ƙauyen da Yaya Salisu Ya Bar Mana

Bana shekara tara ke nan da muka binne yayana Salisu a Madarumfa, kuma har yau hankalina bai kwanta ba. Mutuwar kam na daɗe da rungumar ta. Abin da ke ci mini rai shi ne 'yarsa Salma, wadda ba mu san inda take ba.

Yana saurayi ya tafi karatu ƙasar Sham. Da hutu yakan bi wani abokinsa ƙauyensu, wani ɗan gari a gefen dutse. Ya ce gonakinsu hawa-hawa ne, an tare ƙasa da jeren duwatsu, itatuwan zaitun kuwa sun girmi kakannin masu su. Ruwan sama sai lokacin sanyi, sa'ad da mu nan mun gama cika rumbu. Can ya auri ƙanwar abokin. Ta rasu wajen haihuwa, kakanni suka riƙe jaririyar, shi ya dawo gida da niyyar komawa.

Ranar da ya iso, Inna ta tambaye shi sunan garin surukansa. Ya fara da "Kafar", bai ƙarasa ba ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Garin kafirai ka kai mini jini?"

"Haba Inna, masallacinsu ya fi namu tsufa."

Ya yi bayani har ya gaji. Wai tsohuwar kalma ce, ta riga Larabci zama a ƙasar, ma'anarta ƙauye kawai, kamar yadda muke cewa Gidan wane ko Garin wane. Ina! Kafin la'asar zance ya kai bakin tabki, masunta na tsokanarsa da surukin kafirai. Salisu akwai zuciya. Daga ranar bai sake furta sunan ba, sai dai ya ce "can dutse". Ni lokacin ina aure a Gabi, labarin kawai ya same ni, da rabin sunan.

Ya ci gaba da kiran surukan nasa ta salula har yaƙi ya ɓarke, layin ya mutu. Shi ma ciwo ya kwantar da shi, ya tafi ba mu shirya ba.

Yanzu ina ji a rediyo wai mutane na komawa ƙauyukansu, wasu su tarar da bango ba rufi, wasu an sare zaitun ɗin. Da yana raye, na san da ya sai da garkarsa ta albasa ya hau hanya. Ni fa ina zan dosa? Na sa an duba mini taswira, wallahi ƙauyuka masu irin sunan nan ba su ƙirguwa. Kafar kaza, Kafar kaza, daga arewa har kudu, kamar an watsa gero. Tsoro nake ji. Ina tsoron ta mutu, ina kuma tsoron tana raye tana zaton dangin ubanta sun yar da ita.

Salisu bai bar gida na siminti ba, bai bar almajirai ba. Abin da ya rage nasa a duniya mace ɗaya ce, baƙa a cikin Larabawa. Don Allah, duk wanda ya yi karatu tare da shi a Sham, ya tuna ƙarashen sunan nan.

Inna ta tsufa ƙwarai, ko fura sai an ba ta a baki. Kullum na shiga gaishe ta sai ta kamo hannuna ta ce, "Hadiza, an samo mini ita?" Nakan ce ana nema, Inna. Jiya ba ta tambaya ba.