Dakuwar da Na Tsaya Zaɓa

Jiya a Tunga, nan Minna, wata yarinya ta miƙo mini dakuwa ina zaune cikin keke, na saya na ci biyu. Ban ji yaji ba, ban ji zaƙi ba. Kakata ce kawai ta faɗo mini a rai.

A hannunta na tashi a Dutsen Kura. Duk shekara in sabuwar doya ta shigo takan ɗauke ni mu je Zungeru wajen ƙanwarta. Ni kuwa ba Zungerun nake ɗoki ba, tasha nake ɗoki, don Kaka ba ta sayen abin talla sai ta ɗanɗana. Ta fara da mai ƙuli-ƙulin Bida, ta gutsura, ta yatsina fuska, ta miƙo mini ragowar. Mai kantu, riɗinta da ƙasa. Mai gullisuwa, ta ƙona sukari. Kafin mu zagaye tashar cikina ya ɗauka, ita kuwa ko bakin zanenta ba ta kwance ba.

Mai dakuwa ce kaɗai ba ta shakkarta, wata 'yar Kudancin Kaduna mai yawan dariya.

"Mama, yau ka zo saya ne, ko ka zo cinye mini tire?"

"Baki ke saye, 'yar nan, ba ido ba."

A wajenta kaɗai muke saye. Wannan hali na kwashe shi kaf, har ƙawayena suka daina zuwa kasuwa da ni.

Shekarar da na fara aiki Kaka ta koma Zungeru da zama. Wata safiya kawuna ya kira, ya ce jikin tsohuwa ya matsa, ta daina cin abinci, in taho. Na ce a raina in ta ga dakuwa mai kyau za ta ci. Na isa tasha ɗan kamasho yana ihun saura mutum ɗaya. Na ce ya riƙe mini wurin, yanzu zan dawo.

Mai dakuwarmu ta daɗe da barin tashar, sai na bi tire-tire. Wannan barkono ya yi yawa, wannan gyaɗarta ta kwana. A tire na huɗu na sami wadda Kaka ba za ta kushe ba. Ina juyowa na ga wata mata ta shige wurina, an rufe ƙofa. Mota ta biyu ba ta cika ba sai bayan azahar.

Na isa da la'asar na tarar da tabarmi a ƙofar gida, an riga an kai Kaka makwancinta. Gwaggona ta zare ledar dakuwar daga hannuna ta raba wa yara. Cikin masu zaman makoki na ga matar nan ta tasha, ashe maƙwabciyarsu ce. Ba ta gane ni ba. Tana ba mata labari, wai ita ta yi sa'a, ta sami Kaka da rai, har ta amsa gaisuwa.

"Da ta ji daga Minna nake, ta ce ko na ga jikarta a hanya."

Ban yi kuka ba ran nan. Na jira ya zo daga baya, har yau bai zo ba. Yanzu komai a ƙulle yake cikin leda, ba mai ba ka ka ɗanɗana. Ni ma ba na tambaya. Abin da aka miƙo nake karɓa, in shiga mota.